Namiji zai faɗa wa takarda gaskiya kan sha'anin shimfiɗa?

Hauwa'u: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Aikin digirina na biyu a kan ra'ayin magidanta ne game da zaman aure, har da abin da ya shafi shimfiɗa da tazarar haihuwa. Malamin da ke duba ni ya ce in ɗauki ma'aunin nan da ake kira GEM, mai auna ra'ayin maza kan daidaito tsakanin namiji da mace, in mayar da shi Hausa. Jimloli ne ake karanta wa mutum ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya ce ya yarda, ko ya ɗan yarda, ko bai yarda ba. Akwai irin su "namiji ya fi mace buƙatar saduwa", da "namiji kullum a shirye yake", da "kauce wa ɗaukar ciki aikin mace ne". Na gama fassarar tun makon jiya, amma jikina bai ba ni ba. Don Allah wanda ya taɓa fita fili da irin wannan ya haska mini.

Malam Isiyaku: Wa alaikumus salam. 'Yata, zan faɗa miki abin da ba lalle ki so ji ba. Na ƙarar da ƙuruciyata ina yawo da jakar takardu ƙauye-ƙauye, daga baya aka ba mu ƙaramar kwamfuta ta hannu, kuma abin da na taras guda ne: takardar tambayoyi ba ta auna zuciyar namiji a wannan fanni. Babu magidancin da zai zauna gaban baƙo ya zazzage masa abin da ke tsakaninsa da iyalinsa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da za ki kwaso amsar fita kunya ce, ki zuba ta a kwamfuta, ta fito miki da lambobi masu kyan gani, ki ɗauka kin san maza.

Hauwa'u: Baba, ko an ce masa ba za a rubuta sunansa ba?

Malam Isiyaku: Bari in ba ki abin da idona ya gani. Wata rana da hantsi muka shiga wani zaure, mai gidan dattijo ne mai mata biyu. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo fura a ƙwarya. Na karanta masa bayanin sirri daga farko har ƙarshe, ya ce to, ba komai. Tambayoyin gona da rijiya da gidan sauro ya amsa su yana dariya. Da na iso wajen shimfiɗa, sai ya ɗauke kai ya kafa wa ƙofar zaure ido, domin ƙaninsa na zaune a dakali yana gyaran keke, kuma ko tari muka yi yana ji. Duk jimlar da na karanta sai ya ce "haka ne". Na karanta masa wadda ta ce abu kaza, ya ce haka ne. Can gaba na karanta kishiyarta, ya ce haka ne. Yana ta murza carbi, ƙafarsa na rawa. Da muka gama ya raka ni har bakin hanya, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ai irin wannan magana ko da ɗan'uwana ban taɓa yin ta ba." To wannan mutumin a takarda an rubuta ya yarda da kusan komai. Ni da na zauna da shi na san bai gaya mini komai ba.

Bashir: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni da ƙididdiga ce sana'ata, ina da hujjar da ta fi ƙarfin musu cewa akwai matsala, kuma daga ƙasar da ba a san su da kunya irin tamu ba. A Birtaniya akwai wani babban bincike da ake kira Natsal. A zagaye na uku, tsakanin 2010 da 2012, an tambayi mutum kimanin 15,000. Da aka tambayi maza mace nawa suka taɓa kwana da ita a rayuwarsu, matsakaicin ya kama 14. Da aka tambayi mata namiji nawa, ya kama 7. To ai lissafi ba ya yarda da wannan. Duk lokacin da namiji ya ƙara mace ɗaya a lissafinsa, wata mace ta ƙara namiji ɗaya a nata. Idan yawan maza da mata ya yi kusan daidai a ƙasa, dole lambobin biyu su yi kusa da juna. Kirstin Mitchell ta Jami'ar Glasgow da abokan aikinta sun bi diddigin abin a 2018, suka ga abu uku ne suka ɗauke kusan kashi biyu cikin uku na giɓin: wasu 'yan tsirarun maza da suka faɗi lambobi masu yawan gaske, sai kuma cewa maza sun fi yin kintace su cike lamba sama alhali mata sun fi ƙirgawa ɗaya-ɗaya, sai bambancin yadda kowane ɓangare ke kallon irin wannan mu'amala.

Malam Nura: Bashir, nan ne nake so a yi hattara. Baturen Ingila ƙari yake yi don a ce shi gwani ne. Mutuminmu ragi zai yi, kuma kiran abin da ya yi ƙarya kai tsaye zalunci ne. Yaron da ya tashi a makarantar allo ya ji hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, cewa daga cikin mafi sharrin mutane ranar alƙiyama akwai wanda zai keɓe da matarsa sannan ya fita yana yaɗa sirrinta. Ya kuma ji cewa wanda Allah ya rufa wa asiri kan wani saɓo kada ya wayi gari yana tona kansa. Sai ga baƙo da na'ura yana tambayarsa ko ya taɓa neman wata a waje. A ganinsa yin shiru ibada ce. Ku ƙara da cewa tun shekarar 2000 jihohinmu da dama suna da dokar laifuka ta Shari'a, inda iƙirarin zina magana ce mai nauyi a gaban alƙali. Me zai sa ya amince cewa abin da aka danna a na'urar nan ba zai je wani wuri ba?

Kuma ku dubi harshen kansa. Mutumin da ba ya kiran sunan matarsa a gaban mutane, sai dai ya ce mai ɗakina ko iyalina, shi ake so ya zaɓi tsakanin "na yarda" da "na ɗan yarda" kan yawan buƙatarsa.

Dokta Rabi: Na karanta duka, kuma ban musa ko ɗaya daga abin da kuka gani ba. Amma Malam Isiyaku, hukuncin da ka yanke ya fi hujjarka girma. Abin da labarinka ya nuna shi ne an yi tambaya a zaure, ƙani na jin komai, da bakin baƙo. Laifin wurin ne da tsarin.

Ga abin da ya sa nake faɗin haka. A 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sakamakon binciken da aka yi da maza sama da 10,000 a ƙasashe shida: Bangladesh, Kambodiya, Sin, Indonesiya, Papua New Guinea da Sri Lanka. Yawancinsu wurare ne masu kunya da riƙo da al'ada, biyu daga ciki ma Musulmi ne suka fi yawa. Masu binciken ba su taɓa furta kalmar fyaɗe a tambayoyin ba. Cewa suka yi, ka taɓa tilasta wa mace saduwa alhali ba ta so? Sannan tambayoyi masu nauyi ba mutum ne ya karanta su ba. An miƙa wa kowa 'yar na'ura, murya na karanta masa a kunne, yana danna amsa shi kaɗai. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya amsa cewa ya taɓa tilasta wa mace, idan aka haɗa da matarsa ko budurwarsa. Kimanin ɗaya cikin goma ya ce ya yi wa wadda babu komai tsakaninsu. Da aka tambayi waɗanda suka aikata dalili, sama da kashi 70 cikin 100 suka nuna suna ganin haƙƙinsu ne su samu. Malam, wane namiji ne zai ɗora wa kansa wannan don fita kunya? Waɗannan mazan sun faɗi abin da ya zubar musu da mutunci, kuma tambaya ce ta fito da shi.

Malam Isiyaku: Dokta, Allah ya ƙara sani. Ban san mutanen can ba, mutanena na sani. Ki miƙa wa dattijon nan nawa na'ura da iyafis, abin sauraren nan na sa wa a kunne, ki ce ya danna. Tambayar farko da zai yi ita ce wa ke saurare a ɗaya ɓangaren. Mu da muka sha kora a unguwanni lokacin da aka daina rigakafin shan inna a Kano a 2003, mun san yadda zargi ke tafiya a gari. Kafin la'asar labari ya zagaya cewa an zo ƙirga maza don a hana su haihuwa.

Dokta Rabi: Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba a shiga gari sai ta hannun mai unguwa da liman. Amma ka ga yanzu mun bar maganar "ba zai yiwu ba", mun koma maganar yadda za a yi.

Maman Iman: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba mai bincike ba ce, ungozoma ce, amma akwai lambar da ta daɗe tana ci mini rai. A binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018, an tambayi mata sama da 41,000 da maza sama da 13,000 ko miji na da hujjar dukan matarsa kan abu biyar: ta ƙona abinci, ta yi masa gardama, ta fita ba ta sanar da shi ba, ta yi sakaci da yara, ko ta ƙi shi a shimfiɗa. Mata kashi 28 cikin 100 suka ce yana da hujja a aƙalla guda ɗaya. Maza kashi 21. Wai mata sun fi maza yarda a dake su!

Ni kuwa ina ganinsu a ɗakin awo. Mace ta zo da mayafi ta rufe rabin fuska, ki ce ta ɗaga, ki ga idon ya kumbura ya yi baƙi, ta ce ƙofa ce ta buge ta. Maigidan na waje a kan babur yana jiranta, ya gaishe ki da ladabi har da cire hula. Wallahi idan aka kai wa wannan mutumin takarda cewa zai yi Allah ya kiyaye, shi ba ya dukan mace. Don haka a nan ina bayan Baba Isiyaku. Maza sun san amsar da ake so a ji.

Bashir: Anti, lambobin daidai kika kawo su, kuma ba a Najeriya kaɗai ake ganin haka ba, a ƙasashen Afirka da yawa mata ne ke fin maza amsa e a wannan tambayar. Sai dai fassarar ba guda ɗaya ba ce. Yana yiwuwa maza na gyara amsa, kamar yadda kika ce. Yana yiwuwa kuma macen da ta ce e tana faɗin abin da ta taso ta gani ne, ba abin da take so ba. Lambar ita kaɗai ba za ta raba mana gardama ba.

Dokta Rabi: An ma gwada wannan. Masu bincike a ƙauyukan Bangladesh sun ɗauki wannan tambayar ta duka, bayan mace ta amsa sai su zauna da ita su ce, da kika ce e me kike nufi? Sai ta bayyana cewa wasu suna ba da labarin abin da mutanen gari ke ɗauka ne, ba ra'ayin kansu ba. Wasu kuma amsarsu ta dogara da labarin da suka ƙirƙira a zuci: da gangan matar ta fita, ko uwarta ce ba lafiya ta ruga? Tambayar ba ta faɗa ba, sai kowa ya cike gurbin da kansa. Mutum biyu masu ra'ayi ɗaya sai su ba da amsa biyu.

Malam Nura: To ga inda ni abin ya fi damuna, tunda fassara ce aikina. Kalmar Turancin da ke cikin tambayar nan, wadda ake nufin mutum na da dalili karɓaɓɓe, da me za ka mayar da ita? Idan ka ce "ya halatta", ka mayar da tambayar fatawa, mutum zai ba ka abin da ya ji a wajen tafsiri, ko ma ya ce a tambayi malamai. Idan ka ce "ya dace", ka koma maganar ɗa'a da mutunci, kuma da yawa za su ce bai dace ba ko da suna ganin ba haramun ba ne. Idan ka ce "yana da hujja", ka kai shi kotu. Kalma uku, amsa uku, mutum ɗaya.

Haka "duka". Akwai wanda a wajensa duka sai an ɗauki bulala ko an yi jina-jina. Mari ba duka ba ne a lissafinsa, hankaɗawa ba duka ba ce, wannan "ladabtarwa" yake kiransa. Zai rantse miki bai taɓa dukan matarsa ba, kuma har zuciyarsa ya yarda da rantsuwar.

Sai babbar: ita kanta saduwar. Ka ce jima'i, ka yi kama da littafin fiƙihu, saurayi ya sunkuyar da kai. Ka ce kwanciyar aure ko sunna, ka rufe ƙofa ga duk abin da ya faru a wajen aure, don ba wanda zai kira wancan sunna. Ka ce kwana, mai mata uku ya ɗauka rabon kwana kake nufi. Ka faɗi kalmar kan titi, a tashe ka daga tabarma. Akwai ma tambayar da ke cewa ko mace na da damar ƙin mijinta idan ta san yana kwana da wasu mata. A gidan da ke da uwargida da amarya, su wa ake nufi da wasu matan? Sai an fito fili an ce matan da ba nasa ba, in ba haka ba tambayar ta lalace tun kafin a amsa.

Hauwa'u: Malam, ni "saduwa" na sa a ko'ina.

Malam Nura: Ita ce mafi sauƙin ɗauka, 'yata, amma a farko ki sa a fayyace sau ɗaya cewa saduwa irin ta namiji da mace ake nufi, da aure ko babu. In ba haka ba wani zai ce miki kullum yana saduwa da mutane a kasuwa, kuma ba wasa yake yi ba.

Bashir: Akwai wani rami kuma da ba mu taɓo ba. Ko mutum ya fahimci tambaya, ya kuma faɗi iya gaskiyarsa, ra'ayi daban aiki daban. A farkon shekarun 1930 wani malamin Jami'ar Stanford, Richard LaPiere, ya zagaya Amurka tare da wasu mata da miji 'yan ƙasar Sin, lokacin da ƙyamar Sinawa ta yi ƙarfi a can. Sun shiga otal-otal da gidajen abinci 251, wuri ɗaya tak aka ƙi karɓarsu. Bayan wata shida ya aika wa wuraren wasiƙa yana tambaya ko za su karɓi Basine. Wurare 128 suka amsa, sama da kashi 90 cikin 100 suka ce a'a. Ya buga wannan a 1934. An soki aikin, don ba lalle wanda ya amsa wasiƙar shi ne ya tarbe su a ƙofa ba, amma darasin ya zauna. Ku lura kuma, a nan bakin ne ya fi aikin muni. Haka za ka samu magidanci a majalisa yana cika baki cewa shi mace ba ta isa ta ce masa a'a ba, alhali a gida shi ne mai lallashi, shi ke ɗora ruwan zafi idan ba ta da lafiya. Wani kuma bakinsa zuma, gidansa wuta, kamar mai babur ɗin Anti.

Shi kansa GEM ɗin, Julie Pulerwitz da Gary Barker ne suka fitar da shi a 2008, jimla 24, bayan aiki da samari a birnin Rio de Janeiro na Brazil. Sun nuna cewa waɗanda amsarsu ta fi karkata ga danne mace sun fi faɗin cewa sun taɓa cin zarafin abokiyar zamansu. Wannan alama ce mai kyau. Amma ku duba, ra'ayin daga bakin mutumin ya fito, aikin ma daga bakinsa ya fito. Mai ɓoye ɗaya zai iya ɓoye ɗayan.

Malam Isiyaku: Alhamdu lillahi. Bashir da Malam Nura sun gama mini aiki. Kalma ba ta daidaita ba, mutum na jin kunya, in ma ya faɗa ba lalle haka yake yi ba. To me ya rage? Labarin zuciya a tambayi fuska. Ni na fi yarda da a zauna da mutum wata da watanni, a ci tare, a je jana'iza tare, ran nan da kansa zai buɗe baki.

Dokta Rabi: Malam, wannan hanyar taka ina girmama ta, da ita na yi nawa aikin na farko. Amma mutum nawa za ka zauna da su haka? Goma? Ashirin? Kuma su wa za su buɗe maka baki? Masu surutu, da waɗanda jininku ya haɗu. Wannan shi ne ramin da Alfred Kinsey ya faɗa. A 1948 ya fitar da rahotonsa kan maza kimanin 5,300 a Amurka, hira ce baki da baki, kuma gwani ne wajen sa mutum ya saki jiki. Ba ya cewa "ka taɓa yin kaza?", sai ya ce "yaushe ka fara yin kaza?", don mai amsa ya ji ba shi kaɗai ba ne. Amma mutanensa 'yan sa kai ne, da yawa ɗaliban jami'a, wasu kuma daga gidan yari. Manyan masana ƙididdiga uku, Cochran da Mosteller da Tukey, suka duba aikin a 1954 suka ce ba za a ɗauki lambobinsa a ce su ne na mazan Amurka ba. Wanda ya yarda ya zo ya ba da labarin shimfiɗarsa da ƙafarsa, dama can ya bambanta da wanda ya ƙi zuwa.

Ni abin da nake riƙe da shi ke nan, kuma da gaske nake: takardar nan tana auna abin da namiji ya yarda ya furta a gaban irin wannan mai tambaya, a irin wannan wuri. Wannan bai kai zuciya ba, amma ba banza ba ne. A binciken 2013 na Hukumar Ƙidaya maza kashi 25 ne suka ba duka hujja, a 2018 suka koma 21. Ko da a ce wasunsu baki kawai suka gyara, to an kai lokacin da namiji ke jin nauyin ya ce duka daidai ne a gaban wani namiji. Yaron da ke tasowa yana jin abin da manya ke jin kunyar faɗa. Ni ina son in san wannan, kuma ba ni da wata hanyar saninsa a faɗin ƙasa in ba tambaya ba. Matan da Maman Iman ke gani suna buƙatar a je gaban masu kasafin kuɗi da wani abu a hannu. Idan muka ce ba a iya aunawa, cewa za a yi babu matsalar.

Maman Iman: Wannan na ƙarshen ya shige ni, Dokta. Amma don Allah idan an rubuta rahoto a riƙa cewa "maza kaza sun ce", kada a ce "maza kaza sun yi imani". Mu da ke karantawa a asibiti muna ɗaukar abin kamar an leƙa zuciyarsu ne.

Bashir: Wannan gyaran ya fi rabin abin da ake koyarwa a aji, Anti. Kuma don kada a ɗora wa maza laifin su kaɗai: a 2003 Michele Alexander da Terri Fisher sun raba ɗaliban jami'a kimanin 200 a Amurka gida uku. Wasu an sa su ji kamar wani zai iya ganin amsarsu, wasu an ba su sirri sosai, wasu kuma an maƙala musu wayoyin na'urar gano ƙarya wadda a gaskiya ba ta aiki. Matan da ke tsoron a gani sun faɗi matsakaicin abokan kwana 2.6, waɗanda aka maƙala wa na'ura suka faɗi 4.4. Na maza bai motsa sosai ba, yana wajen 4 a duk ukun. Ɗalibai ne 'yan shekara 18 zuwa 25 a wata ƙasa, ba zan ɗora shi a kan magidancin Gumel ko Tasawa ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne kowa na karkata amsarsa zuwa inda al'ummarsa ke yaba masa, kuma sai ka san al'ummar kafin ka san ta wane gefe awon ya karkace.

Hauwa'u: To yanzu ni ya zan yi? Kuɗin na'ura da iyafis ba ni da su. Kuma da ni da ƙawata muka shirya fita.

Malam Isiyaku: Ke da ƙawarki? A'a 'yata, wannan kam kada ki fara. Ko hukuma maza take tura wa maza, mata ga mata. Budurwa ta tsaya gaban sa'an mahaifinta ta karanta masa "namiji kullum a shirye yake"? Ko ya tashi ya bar miki wurin, ko ya kai ƙararki gida. Ki nemi maza masu aure, masu ɗan shekaru, kuma kada su zama 'yan unguwar, don ba wanda zai faɗi sirrinsa ga wanda za su haɗu a sahun Magariba.

Dokta Rabi: Na'ura ba dole ba ce. A yankin Manicaland na Zimbabwe, Simon Gregson da abokan aikinsa sun yi amfani da akwatin katako mai kama da na zaɓe. Mai tambaya na karantawa, mai amsa na bayan murfin akwatin yana yin alama a 'yar takarda ya jefa ta rami, akwatin a kulle. Sun samu mutane sun fi faɗin abin da ake ɓoyewa ta haka fiye da baki da baki. Kafinta zai haɗa miki shi da kuɗi kaɗan, kuma mutanenmu sun san akwatin zaɓe. Wanda bai iya boko ba a yi masa alamomi uku masu launi daban. Sannan ki cakuɗa jimlolin, wasu su fuskanci gabas wasu yamma, yadda mai cewa "haka ne" ga komai zai bayyana a lissafi, kamar dattijon Malam. Kafin komai kuma, ki samu maza goma ko sha biyu a karanta musu, bayan kowace jimla a tambaye su me suka fahimta da bakinsu.

Malam Nura: Idan za a yi gabatarwa kuma, a tuna musu da maganar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da ta yabi matan Ansar cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. A kuma bayyana cewa ba a neman sirrin matar kowa, ra'ayi ake tambaya a dunƙule. Wannan zai sauke wa mai tsoron Allah nauyi. Amma jimlar nan ta "a shirye yake" ban yarda da ita ba ko kaɗan. A shirye da me? Da noma? Da tafiya? In kuma an fayyace, ba namijin da zai ce a'a, don cewa a'a kamar ya amsa cewa shi ba lafiyayye ba ne. A garin da masu maganin maza ke yawo da lasifika a kowace tasha, wannan jimlar tsoron gori za ta auna.

Dokta Rabi: Kada a cire ta tukuna, Malam. Tsoron gorin nan shi ne abin da aka gina jimlar ta kama. A gwada ta a ji me za su ce.

Malam Isiyaku: Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa abin da ke can ƙasan zuciya ba zai hau takarda ba, da akwati ko babu akwati. Amma ba zan bar yarinya ta fita ita kaɗai ba. Hauwa'u, ki turo mini fassarar yau da dare in karanta da babbar murya in ji inda harshe ke tuntuɓe. Ranar Asabar bayan Azahar zan tara miki mutum goma a gidan wani aminina da ke bayan gari, ɗaki mai ƙofa, ba zaure ba, ana shiga ɗaya bayan ɗaya. Ni zan karanta, Bashir ya rubuta abin da suka ce sun fahimta. Ke ki zauna cikin gida wajen iyalinsa har mu gama.

Bashir: Ina nan zuwa in sha Allah. Hauwa'u, ki bugo kwafi biyu, ɗaya da "ya dace" ɗaya da "yana da hujja", mu raba su biyar-biyar mu ji ko fahimtar za ta bambanta.

Hauwa'u: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Baba, zan turo bayan Isha'i. Anti Rabi, don Allah ki aiko mini da awon akwatin, tsawo da faɗi da girman ramin, gobe da safe in kai wa kafinta.